Yaran Sun Koma Aji, Wa Aka Ajiye Ya Saurare Su?

A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina, suka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Zamfara. A Maris 2024 aka karɓo yara 137 na Kuriga a jihar Kaduna. Duk lokacin da Allah ya kuɓutar da irin waɗannan yara, kusan abu ɗaya ake yi musu: a kai su gidan gwamnati, a ba su sababbin kaya, likita ya duba ƙafafunsu da suka kumbura saboda tafiya, a ɗauki hoto da gwamna, a miƙa su ga iyayensu. Wani lokaci ƙwararru su zauna da su na 'yan kwanaki. Daga nan sai labarinsu ya ɓace daga rediyo.

Tsoro kuwa ba ya ƙarewa ranar da aka yi hoton. Bayan wata uku ko huɗu ne za ka ga yarinya zaune a aji, babur ya wuce a guje ta bayan katanga, ta zabura ta shige ƙarƙashin benci, sauran yara suna dariya. Yaron da ke zuwa na ɗaya ko na biyu ya koma gyangyaɗi da hantsi, domin ba ya barci da dare. Wani ya koma faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Malamin da ke fama da ɗalibai tamanin a aji guda ba shi da lokacin tambayar dalili. Abin da yake gani shi ne rashin kunya da lalaci, maganinsu kuma a wurin malamin horo yake: bulala da tsallen kwaɗo.

Ra'ayina shi ne, makarantunmu suna buƙatar mutum guda wanda ba ya riƙe da alli kuma ba ya riƙe da bulala, wanda aikinsa kawai shi ne gano abin da ke hana yaro karatu. Wannan shi ne masanin halayyar ɗan Adam na makaranta. A takarda ma ba baƙon abu ba ne. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi masu ba ɗalibai shawara a makarantu. A 2022 aka yi dokar kafa majalisar da za ta tsara aikin masu ba da shawara, a farkon 2023 kuma sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Abin da ya rage shi ne mutumin da zai zauna a kujerar. A makarantun gwamnati da yawa, malamin da darussansa suka yi ƙaranci ake liƙa wa muƙamin, a ba shi wani ɗaki da aka tara karyayyun kujeru, ba a tuna da shi sai lokacin cike fom ɗin JAMB ko raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da na fasaha.

Kada a ɗauka yaran da aka sace kaɗai nake nufi. Su ne dai idon duniya ya gani. Ɗauki yaron da ya kai aji huɗu na firamare bai iya haɗa baƙi ba, har sunansa ya koma daƙiƙi a gida da makaranta. Masanin da ya san aikinsa ba nasiha zai fara yi masa ba. Zai shiga ajin ya zauna a baya yana kallo. Zai lura ko yaron yana ƙanƙance ido idan ya dubi allo, ko yana juyo da kunne ɗaya idan malama na magana. Zai buɗe littafinsa ya ga ko yana juya "b" ta koma "d", ko yana tsallake layi. Zai tambayi uwar ko da me yake karyawa, ƙarfe nawa yake dawowa daga talla, ko ya taɓa yin sanƙarau ko farfaɗiya. Bayan wannan ne zai gwada shi da gwaje-gwajen da aka horar da shi a kansu. Sakamakon na iya zama tabarau, ko matso da shi bencin gaba, ko koyar da shi karatu ta wata hanya dabam, ko takardar tura shi asibiti. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da bulala za ta gano, ko da an karya tsumagiya goma.

Ya kamata a san iyakarsa kuma. Shi ba likita ba ne, ba ya rubuta magani. Idan ya ga alamar ciwo mai nauyi, ko ɗalibi ya nutse a shaye-shaye, ko yana maganar hallaka kansa, aikinsa ya sanar da iyaye ya tura shi wurin likitocin ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano, ko Maiduguri. Waɗannan likitoci ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, don haka duk yaron da aka tare matsalarsa tun tana ƙarama an rage musu layi. Binciken da aka yi kan shaye-shaye a Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na amfani da miyagun ƙwayoyi, a shekarar ce kuma gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Kowa ya san kwalaben nan ba a bakin ƙofar makaranta suke tsayawa ba.

Inda aikin ya fi wuya shi ne riƙon sirri. Ɗaliba ba za ta faɗi cewa wani malami yana tare ta bayan an tashi ba, ko mijin yayarta yana shigo mata ɗaki, muddin ta san kafin la'asar maganar ta zagaye ofishin malamai. Saboda haka bai kamata wannan mutum ya zauna a kwamitin ladabtarwa ba, bai kamata kuma shugaban makaranta ya mayar da shi ɗan rahoto ba. Amma wajibi ne ya gaya wa yaro tun ranar farko cewa sirrin yana da iyaka: idan ana cutar da shi ko rayuwa na cikin haɗari, dole a kai maganar inda za a kare shi. Wanda zai kai ƙarar abokin aikinsa yana buƙatar kariya shi ma. Idan shugaban makaranta ne kaɗai ke rubuta rahotonsa na shekara, to ranar da abin ya taɓa wani na kusa da shugaban, shiru za a ji.

Akwai kuma batun da ba a son taɓawa, wato faɗuwar 'yan mata a makarantun kwana. Ɗaya ta yanke jiki ta faɗi, kafin a ankara goma sun bi ta suna ihu, a ce aljanu sun shigo, a kira masu ruƙiyya, wani lokaci a tura kowa gida. Ana ganin haka a nan, ana ganinsa a makarantun Nijar. Ba na cikin masu cewa a kori malaman addini daga wannan fage. Iyaye sun yarda da su, addu'a kuma tana kwantar da hankalin yaro. Masanin da ya shigo yana yi wa imanin mutane ba'a ba zai yi zango guda ba. Abin da zai ƙara shi ne tambayoyin da ba wanda ke yi: wa ta fara faɗuwa, me ya same ta a makon, jarrabawa ta matso ne, an sa mata ranar aure ne, mutum nawa ke kwana a ɗakin, me suka ci? A yi addu'ar, a kuma raba waɗanda suka faɗi da masu kallo, a zauna da su ɗaya bayan ɗaya.

Na san abin da za a ce. Makarantar da ba ta da malamin lissafi, rufin ajinta na yoyo, ina ita ina masanin halayya? Hujja ce mai ƙarfi, kuma ba na cewa a kwaikwayi Amurka, inda ƙungiyar masu wannan sana'a ke neman masani ɗaya ga kowane ɗalibi 500. Wasu kuma za su ce muna da kakanni da goggonni da limamai, su ne masu rarrashinmu tun fil azal. Gaskiya ne, suna nan, Allah ya ƙara musu lafiya. Sai dai kaka ba za ta gane matsalar karatu a littafin jika ba, kuma wani lokaci a cikin gidan ne ɓarnar take.

Abin da jiha za ta iya ɗauka yanzu ba shi da tsada sosai. Jami'ar Jos ta daɗe tana yaye masana halayyar ɗan Adam, Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna yaye masu ba da shawara, da yawansu suna zaune ba aiki ko suna koyar da darasin da ba nasu ba. Ma'aikatun ilimi da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, wato SUBEB, su ɗauki masani guda ga kowace shiyya, ya riƙa zagaya makarantu a ranakun da kowa ya sani, yana duba aikin malaman ba da shawara da ke ƙarƙashinsa. A cire wa waɗannan malamai nauyin koyarwa, a ba su ɗaki mai ƙofa da akwatin ajiye takardu mai kwaɗo, a sa mace a makarantun 'yan mata. Rahotonsu ya tafi ofishin shiyya kai tsaye. A fara da makarantun kwana da na ƙananan hukumomin da aka kai wa hari, irin su Ƙanƙara da Talata Mafara da Chikun, a sa albashinsu a cikin kasafin tsaron makarantu, layi ɗaya da katanga da masu gadi.