Ni ma a tsakar gida na fara motsa jiki

Wallahi wani rahoto da na ci karo da shi kan lafiyar mata ya taɓa ni, musamman inda aka ce ƙarfin tsokar mace da ƙashinta na raguwa idan ta doshi lokacin ɗaukewar al'ada. Shekarata 43. Bara, idan na tashi daga sujada sai na dafa ƙasa da hannu biyu, gwiwa na ƙara.

Masu cewa shara da wanki sun ishe mu, ku yi haƙuri, ba su isa ba. Gajiya daban, ƙarfi daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Ni ba ni da kuɗin zuwa wurin motsa jiki. Jarkoki biyu masu lita 5 na cika da ruwa, bayan asuba in ɗaga su, in zauna kan kujera in miƙe sau goma ba tare da dafawa ba. Na ƙara wake da awara da ƙwai a abincina.

'Yan uwa mata, mai hawan jini ta fara ganin likita. Yanzu ƙanwata ma tana shigowa mu yi tare.