Gwajin ƴan tseren keke da haƙƙin mai makoki

A nan Beljiyam, inda nake aiki, tseren keke yana da matsayin da kokowa take da shi a Maradi, kuma a bakin abokan aikina na ji labarin da ya tsaya mini a rai. A watan Maris na 2008, wani ɗan tsere mai suna Kevin Van Impe yana tsakiyar shirin jana'izar jaririnsa, sai jami'in gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari ya iske shi a wurin, ya nemi ya ba da fitsari nan take, alhali ƙin bayarwa yana iya jawo masa dakatarwar shekara biyu. Haka ya daure ya bayar.

Ya kamata mutanen gida su san yadda tsarin yake. Kowane babban ɗan tsere dole ne ya rubuta a wata manhajar intanet mai suna ADAMS inda zai kwana da inda zai yi atisaye, sannan ya ware awa ɗaya a kowace rana wadda za a same shi a wuri sananne, ko ana gasa ko ba a yi. Idan aka neme shi aka rasa, ko ya yi sakaci da bayanan, har sau 3 cikin wata 12, laifi ya tabbata a kansa ko da jininsa tsaf yake. Jami'in yana zuwa ba sanarwa, sau da yawa da sassafe, ya bi mutum har makewayi, ya sa ya ɗage riga ya sauke wando, ya zuba masa ido har fitsarin ya shiga kwalba.

Na san ba a banza aka kai nan ba. Abin kunyar ƙwayoyin ƙara kuzari na ƙungiyar tseren keke ta Festina a gasar Tour de France ta 1998 ne ya kai ga kafa WADA, hukumar duniya mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, a 1999, kuma sinadarin EPO, wanda ake amfani da shi don ƙara kuzari, yana ɓacewa daga fitsari cikin ƴan kwanaki, amfaninsa kuwa ya daɗe a jini, don haka gwajin ranar gasa kaɗai ba ya kama mai wayo. A 2007 an kori Michael Rasmussen yana kan gaba a gasar, domin kafin gasar, a bayanan inda yake, ya ce yana Meziko alhali an gan shi a Italiya.

Duk da haka zuciyata ba ta yarda ba. A Maradi, ko wanda yake bin ka bashi, idan ya tarar da tabarmin makoki a ƙofar gidanka, zama zai yi ya ce Allah ya jiƙan rai, ya koma gida da maganarsa a ciki. Na gaya wa abokan aikin haka, ɗaya ya amsa mini cewa doka ba ta san makoki ba, kuma ya faɗe shi ne da alfahari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a ƙasar nan jami'in gwaji ne kusan kaɗai yake buga wa mutum ƙofa ba tare da ya sanar ba. Aboki ba ya zuwa sai an tsayar da rana da awa, maƙwabci kuwa sai ku shekara ba ku wuce gaisuwar matakala ba. Mu ma ƴan Nijar da muke nan mun fara ɗaukar wannan hali, har ta'aziyya muna aika wa juna ta WhatsApp alhali jirgin ƙasa ɗaya ne tsakaninmu.