Wai Tambayar Albashi Ma Laifi Ce

Wallahi har yanzu raina tafasa yake. Jiya na ajiye aikin kai abinci na yini guda, kuɗin ranar ya tafi a banza, na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa tun daga unguwar Bronx har can ƙuryar Burukilin a nan birnin Niyok, awa ɗaya da rabi, saboda wani tallan aikin sito da na gani a waya. Ko sisi ba su rubuta ba, sai dai wai "albashi mai tsoka". Tsokar me? Ta cinyar sauro?

Na shanya a benci minti 40. Matar da ke kan tebur tana ta latsa waya da wasu zaƙo-zaƙon farata, cingam ƙas ƙas ƙas a baki. Da ta ga dama ta turo min fom, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na ce, "Madam, don Allah nawa ne a awa?" Sai a lokacin ta ɗago, ta ƙare min kallo daga hula har takalmi, ta ce, "Cike tukuna." Na ce zan cike, amma ai tun Satumbar 2023 dokar jihar Niyok ta ce duk mai ma'aikata 4 zuwa sama sai ya rubuta ƙasa da saman abin da zai biya a cikin talla, birnin ma ya riga jihar tun Nuwamban 2022. Ta daina tauna. Ta waiga wajen abokin aikinta ta ce, "Kai, yau lauya muka samu." Suka kwashe da dariya, ni ina tsaye da biro a hannu kamar almajiri a ƙofar gidan marowaci. Sannan ta ce, a hankali yadda ake wa yaro magana, "Mu 'yan wucin gadi muke ba wa kamfanoni haya, dokar taka ba ta hau kanmu ba. In kuɗi ne damuwarka ga ƙofa can."

In kuɗi ne damuwata! A'a madam, zumunci na zo yi. Kewar ɗaukar kwali ce ta hana ni barci.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gaskiyarta ne. Dokar ta tsame irin waɗannan kamfanonin, su kuwa su wa ke cika benci a ofisoshinsu? Mu ne, baƙi, masu dako da shara da gadi. Mai kwat da lakataye an rubuta masa nasa, wanda dala ɗaya a awa ke raba shi da kuɗin haya an ce ya je ya ji a can. Shekara bakwai ke nan ina wannan jeka-ka-dawo, sai ka gama ɓata ranarka a gaya maka mafi ƙarancin albashi ne cif.

Waɗanda dokar ta hau kansu ma wasa suke da ita. A makon farko na dokar birnin wani babban banki ya rubuta daga dala 0 zuwa miliyan 2, aka ce wai kuskuren kwamfuta ne. A birni kuma laifin farko babu tara in ka gyara cikin kwana 30, a jiha bai wuce dala 1,000 ba, kuɗin shayin manaja. 'Yan majalisar tarayya a Washinton kuwa sun kasa yin doka ɗaya tak, kowace jiha da kiɗanta: Kolorado ko ma'aikaci ɗaya gare ka sai ka rubuta, Kalifoniya sai 15, ka tsallaka kogi zuwa Niyu Jazi sai 10, wasu jihohin ko oho. Talaka sai ya haddace taswira kafin ya nemi abin sawa a baki.

Mu ma da namu. Da na ba wani dattijo labari a masallaci cewa ya yi na cika gaggawa, ba a tambayar kuɗi tun ba a ba ka aiki ba, a yi kawaici. Baba, mai gidan haya ba ya karɓar kawaici ranar ɗaya ga wata. Ina cikin jirgin dawowa ma ƙanena ya turo saƙo daga gida, wai Allah ya sanya alheri a sabon aiki, kar in manta kuɗin makarantar yara.