Ranar da Na Amsa Laifin Kisa a Gaban Surukina

Ni da taubashina ba mu taɓa yin saɓanin da ya kwana ba, sai da wasan kwamfutar nan mai suna Fallout: New Vegas ya shiga tsakaninmu. Tsohon wasa ne da kamfanin Obsidian ya ƙirƙira, ya fito tun 2010, amma ni sai bara na same shi, domin irinsa ne kaɗai kwamfutata take iya ɗauka ba tare da ta yi nishi ba. Yana cikin wasannin da mutum yake shiga rigar wani, ya zaɓar masa hali da basira, sannan duk abin da ya faɗa ko ya aikata ya bi shi har ƙarshen labari.

Labarin yana faruwa ne a hamadar yammacin Amurka a shekarar 2281, shekara 204 bayan yaƙin nukiliya ya ƙone duniya, lokacin da murfin kwalbar lemo ya zama kuɗi. Mai wasan ɗan aike ne da aka harba a ka, aka binne, aka tono shi da sauran numfashi. Yana warkewa sai ya tarar manya uku suna rigima a kan madatsar ruwa ta Hoover, wadda duk wanda ya riƙe ta ya riƙe wutar lantarki. Akwai Jamhuriyar Sabuwar Kalifoniya, mai zaɓe da doka da haraji da cin hanci, kowanne a cike. Akwai rundunar Kaisar, masu kwaikwayon Rumawan da, waɗanda suka kawar da 'yan fashi daga hanyoyinsu ta hanyar bautar da jama'a da gicciye masu gardama. Sai Mista House, attajiri mai shekara 261 wanda na'ura take raya shi, yana mulkin birnin New Vegas da sojojin mutum-mutumi.

Gugar zana ce tun daga farko har ƙarshe, kuma ba a bar kowa ba. Wurin da ya fi ba ni dariya shi ne wata maɓoyar ƙarƙashin ƙasa mai lamba 11, inda duk wanda ya ci zaɓen shugabanci ake sadaukar da ransa, saboda haka kowane ɓangare yake manna fastoci yana roƙon a zaɓi abokin gabarsa. Na yi tsammanin wanda ya ga irin wannan shaguɓe zai daina zafin kai a kan shugabanni. Ashe ban san kaina ba.

Taubashina mutumin House ne, ba ya ko ɓoyewa. Hujjarsa ita ce tsohon ba ya sata domin komai nasa ne, kuma fitilun birninsa ba sa mutuwa. Ni kuwa da farko bayan Jamhuriya na bi, sai na ga jami'anta sun fi ƙwarewa wajen karɓar haraji a kan tsare hanya, na juya musu baya, na kawar da House, na naɗa kaina. Wannan labari ne ban faɗa masa ba sai ranar sunan ɗan ƙanwar maiɗakina, muna zaune a kan tabarma a ƙofar gidan surukina, an ajiye mana kwanon waina da miyar taushe.

Ya ajiye lomar da ya ɗauka, ya dube ni kamar na sayar da gonar gado, ya ce ni butulu ne, mutum ya buɗe mini gidan da ya shekara ɗari biyu bai buɗe wa kowa ba, na saka masa da sharri. Na ce masa shi kuma ɗan amshin shatan masu kuɗi ne. Ya ce kishin talakan ƙarya nake yi, mulki nake so. Wannan ta yi mini zafi domin gaskiya ce, sai na miƙe a kan gwiwoyina, da wainar a hannu, na ɗaga murya: "Na'am, ni na kashe tsohon! Na hau har benensa na ƙarshe, na buɗe akwatin da yake kwance ya bushe kamar kifin banda, na gama da shi, kuma ko yau aka maimaita zan sake! Cacar garin ma na yi ta ci har sai da gidaje uku suka hana ni zama a teburinsu!"

Ban lura cewa an fito daga zaure ba. Surukina yana tsaye a bayana da aminansa biyu da limamin unguwa, wanda carbi ya tsaya masa cak a hannu. Taubashina, wanda yanzu ya gama yi mini wa'azin riƙon amana, ya sunkuyar da kai ya shiga cin waina kamar bai taɓa ganina ba.

"Malam, taso mu shiga ciki," in ji surukina.

Na durƙusa a zaure, hula a hannu, na ce, "Baba, ku yi haƙuri, wasa ne na kwamfuta, tsohon ba mutum ba ne na gaske." Ya tambaya nawa na ci a cacar, kuma da kuɗin wa na zuba. Na ce ai ba kuɗi ba ne, murfin kwalba ne. Liman ya yi salati a hankali, da alama ya bar zargin kisa ya koma tunanin rubutun sha. Na ɗauki kusan rabin sa'a ina zana madatsar ruwa da yatsa a ƙasa, ina nuna inda kowace runduna take, gumi yana bin bayana.

Surukina ya saurara har na kai aya, ya ɗaga kai ya dubi fankar zauren da ta kwana uku ba ta juya ba, sannan ya ce, "To, shi wannan tsoho da ka ce wutarsa ba ta ɗaukewa, me ya tsare maka da ba za ka bar shi ya yi aikinsa ba?"

Daga ƙofar gida na jiyo taubashina yana cewa, "Allah ya ƙara girma, Baba."