Kafin mu ce zunubinsu ne

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwana na Kusiri da Marwa da Yagwa, da waɗanda ke tsallaken kogi a Njamena.

Akwai wata magana da nake yawan gani a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook duk lokacin da labarin girgizar ƙasa ko ambaliya ya iso mana daga wata ƙasa, kuma tana yi mini ciwo ƙwarai. Tun ba a gama tono gawarwaki daga ƙarƙashin ɓaraguzai ba, sai wani ya rubuta cewa zunubin mutanen ne ya jawo musu. Na ga haka a Fabrairun 2023 da girgizar ƙasa ta kashe fiye da mutum 50,000 a Turkiyya da Siriya, na kuma sake gani a Satumbar shekarar da madatsun ruwa biyu suka ɓalle a kan garin Darna na Libiya. Ina roƙon mai irin wannan furuci ya ji tsoron Allah, domin yana yanke hukunci a kan abin da ba a ba shi iliminsa ba.

Gaskiya ne an halaka mutanen Annabi Nuhu da Adawa da Samudawa saboda kafircinsu, amma mun san dalilin ne domin Allah da kansa Ya ba mu labari. Yau wahayi ya yanke, to wa ya gaya wa ɗayanmu dalilin mutuwar jaririn da gini ya rufta wa a bayan uwarsa?

Wanda ya leƙa tarihin manyan bala'o'i zai rage saurin baki. A 1556 girgizar ƙasa ta afka wa lardin Shanshi na ƙasar Sin, inda talakawa ke kwana a ɗakunan da suka haƙa cikin tuddai masu ƙasa mai laushi, kuma littattafan tarihinsu sun ƙidaya mamata kusan 830,000. Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne daren 12 ga Nuwamban 1970, cikin watan Ramadan, lokacin da guguwar teku ta tura ruwa kan tsibirin Bola da gaɓar ƙasar da ake kira Bangladash a yau. Aƙalla mutum 300,000 suka rasu, mafi yawansu manoma da masunta Musulmi masu azumi. Haka nan igiyar ruwan tsunami ta 26 ga Disamban 2004, wadda ta ci kusan rayuka 230,000 a ƙasashe fiye da goma, ba inda ta fi yi wa ɓarna kamar yankin Ace na Indunusiya, wanda mutanen ƙasar ke yi wa kirari da barandar Makka saboda riƙon addininsa. Idan da yawan mamata ake auna yawan saɓo, me za mu ce game da waɗannan bayin Allah?

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa shahidai biyar, kuma cikinsu akwai wanda annoba ta kashe, da wanda ya nitse a ruwa, da wanda gini ya rufta wa. Annobar Amwas a zamanin Halifa Umar ta ɗauke Abu Ubaida ɗan Jarrah, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, ta ɗauke Mu'azu ɗan Jabal. Wanda ka kira mai laifi a saƙonka, ta yiwu sunan shahidi yake da shi a wurin Ubangijinsa.

A cikin wannan annobar ne kuma aka koya mana abin da ya kamata ya shagaltar da mu a maimakon binciken laifin matattu. Da Umar ya nufi Sham ya ji labarin cutar a wurin da ake kira Sarg, sai ya yi shawara ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya ba shi misalin da kowane makiyayi zai gane: mai raƙuma ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kora dabbobinsa da ƙaddarar Allah ya yi.

Mu 'yan Kamaru muna da namu darasin. A daren 21 ga Agustan 1986 iska mai shaƙe numfashi, wadda ta daɗe tana taruwa a ƙasan tafkin Niyos, ta taso gaba ɗaya ta gangara cikin kwaruruka domin ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. Fiye da mutum 1,700 suka kwanta ba su tashi ba, tare da dubban shanu. Daga 2001 aka fara kafa bututu a tafkin domin iskar ta riƙa fita a hankali, kuma babu mai hankalin da zai ce wannan aiki ya saɓa wa tawakkali. Bangladash ma ta gina dogayen mafaka ta horar da masu shelar gargaɗi, shi ya sa da guguwa mai ƙarfi ta sake zuwa a 2007 mamata ba su wuce 'yan dubbai ba.

To mu fa, 'yan'uwa? Kogunan Logon da Shari suna cika a kan idonmu kowace shekara tsakanin Satumba da Nuwamba. A 2022 ruwa ya kori mutanen unguwar Waliya a Njamena, ya shiga unguwannin Kusiri. A 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 500 a Chadi, ta raba dubban iyalai da gidajensu a Yagwa da kewaye. Duk da haka har yanzu ana zuba shara a magudanar ruwa, ana sayar wa talaka fili a kan hanyar ruwa alhali mai sayarwar ya sani, kuma idan aka ce a tashi sai a ji wani yana cewa abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Wannan magana gaskiya ce, amma ba don a fake da ita a bar 'ya'ya su kwana a gindin katangar laka da ta jiƙe aka faɗe ta ba. Bayan ruwa ya janye kuma amai da gudawa ke biyowa ta rijiyoyin da suka gauraye da masai, don haka tafasa ruwan sha yana cikin kiyaye amanar iyali.

Ina roƙon limamanmu su ware huɗuba guda kafin damina ta kankama a kan wannan batu, masu unguwanni su tara matasa a yashe magudanai, mai hali kuma ya duba maƙwabcinsa da har yau yake kwana da iyalinsa a ƙarƙashin tampol tun ruwan da ya rushe masa ɗaki.