Digirin kwamfuta: a auna bashin da albashin sidi

Da zarar sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, ya fito, a gidajen Aboabo da Asawase da Sabon Zango na Kumasi a Ghana sai ka ji magana ɗaya tana yawo: yaro yana son karanta kimiyyar kwamfuta a KNUST, jami'ar Kwame Nkrumah da ke garin. Idan uba ya tambayi inda kuɗin zai fito, amsar a shirye take: "Baba, ai da dala ake biyansu. Shekara ɗaya in na fara aiki, an gama da bashin." Ni ba na adawa da karatun, ba na ma adawa da cin bashi dominsa. Abin da nake ja da shi shi ne wannan lissafi na dala, domin a kansa ne iyaye suke ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsu.

Bashin karatu a Ghana ba iri ɗaya ba ne. Akwai na asusun lamunin ɗalibai na gwamnati, SLTF, wanda aka kafa a 2005 ya gaji tsarin da SSNIT, asusun fanshon ma'aikata, ke gudanarwa a da. Tun 2022 an daina neman mai tsaya wa ɗalibi, katin Ghana Card ya isa, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga ɗan zango da mahaifinsa ke sayar da goro ko shanu, bai taɓa zuba kuɗi a SSNIT ba balle ya tsaya masa. Da sidi ake bayarwa, da sidi ake biya, ba kuma a fara bin mutum sai ya kammala karatu. A 2025 gwamnatin John Mahama ta ƙara da shirin No Fees Stress, wanda ke ɗauke kuɗin makarantar shekarar farko a manyan makarantun gwamnati. Akwai kuɗin ruwa a lamunin SLTF, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, ya zauna da malaminsa kafin ya sa hannu.

Amma wannan lamuni ba ya rufe komai, kuma a nan ne ainihin bashin yake ɓuya. Kwas ɗin kwamfuta na cikin waɗanda ake rububi, yaro da yawa ba ya samun gurbin da gwamnati ke tallafawa, sai na masu biyan cikakken kuɗi. Ga kuɗin ɗaki a unguwannin da ke kewaye da jami'ar, Ayeduase ko Kotei ko Bomso, wanda masu gidaje ke karɓa na shekara guda a dunƙule. Ga laftof, ga data. Sai ka ga uwa ta kwashe adashinta tun kafin zagayenta ya zo, ta rage jarin atamfar da take juyawa a kasuwar Kejetia. Kawu ya ba da rance da sunan "in ka fara aiki ka tuna da mu". Wani uban ma ya nufi banki, a ƙasar da babban bankinta ya kai kuɗin ruwansa kashi 30 cikin ɗari a 2023. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, to amma wannan ba a cikin ɗalibin yake zaune ba, a cikin jarin gida yake, ƙannensa kuma su ne za su ji a jikinsu.

Da me za a biya? Shekarar farko bayan digiri ta hidimar ƙasa ce, alawus ɗinta kuwa a 2023 aka ɗaga shi daga sidi 559 zuwa 715 a wata. Kuɗin mota da abinci ne ke cinye shi. Bayan nan yawancin masu digirin suna samun aiki ne a bankuna, kamfanonin sadarwa, kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya irin su Hubtel, ko ma'aikatun gwamnati, galibi a Accra, inda mai gida ke neman hayar shekara ɗaya ko biyu tun kafin ya miƙa makulli. Albashi ne na rufin asiri, yana kuma ƙaruwa da ƙwarewa, amma na sidi ne.

Masu aiki daga ɗakinsu suna karɓar dala akwai su, ban musa ba. Sai dai ƙofar ba ta da faɗi, kuma ba ta tabbata a buɗe. Google ya buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a Accra a 2019, amma irin wannan wuri ƙwararrun masu bincike yake ɗauka. Twitter ya zaɓi Accra ta zama hedikwatarsa a Afirka, sai ga shi a Nuwamban 2022, bayan Elon Musk ya sayi kamfanin, an sallami kusan dukkan ma'aikatan ofishin. Yanzu kuma manhajojin da ke rubuta manhaja da kansu suna yin ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga ya koyi hannu da su. Ita kanta dalar ba ta da alkawari. A farkon 2025 ana canza ta a kan sidi 15 da ɗoriya, kafin tsakiyar shekara ta sauko kusan 10. Mai karɓar dala 1,000 ya wayi gari kusan kashi ɗaya cikin uku na albashinsa ya tafi, alhali bashin kawu yana nan yadda yake.

Don haka shawarata ga iyaye ita ce a zauna da biro da takarda a haɗa kuɗin shekara huɗu gaba ɗaya, har da ɗaki da abinci. A nemi wani ɗan unguwa da ya gama kwas ɗin shekara biyu ko uku da suka wuce, a tambaye shi abin da ke shiga hannunsa a wata, ba wanda ya fi kowa sa'a ba, na tsakiya. Idan bashin zai biyu daga irin wannan albashi, bismilla. Idan sai an sa dala a lissafin yake daidaita, a sake dubawa: ban da KNUST, ga Jami'ar Fasaha ta Kumasi, kuma yaron Aboabo zai iya kwana a gida ya riƙa shiga mota zuwa makaranta. Jami'a mai zaman kanta irin Ashesi da ke Berekuso tana da suna mai kyau, amma ɗan talaka ya shige ta da tallafin karatu, kada ya shige ta da rance.

Abu ɗaya ne zan ce kada a yi masa ƙwauro, wato laftof mai ƙarfi. A wannan fanni masu ɗaukar aiki suna cewa a nuna musu abin da aka gina, kuma yaron da ke jiran abokinsa ya yi barci kafin ya ari na'ura ba zai tara abin nunawa ba. In dole sai an taɓa adashin Hajiya, a taɓa shi a nan, a bar ɗaki mai na'urar sanyaya iska a Ayeduase ga masu hali.