Gansakuka ba rijiyar mai ba ce, a daina raina mana hankali

Wallahi na so in yi shiru, amma tunda abin ya biyo ni har tsakar gidanmu, sai dai a yi haƙuri da ni. Ga wanda bai ga bidiyon ba, ga abin da ke ciki. Ɗan kwat ɗin nan da ya tara matasa a wani ɗakin taro nan Gombe ranar Asabar, ya ɗaga gorar ruwa koriya shar yana girgizawa kamar mai tallan maganin basir, wai nan da wata uku kowa zai riƙa tatsar dizal daga gansakuka a bayan ɗakinsa. Naira 15,000 kuɗin shiga, har da takardar shaida mai hatimi. Damfara ce. Ba ni da wani suna da zan ba ta.

Autanmu na cikin waɗanda suka biya. Jiya bayan la'asar na dawo daga makaranta na tarar da bahon wanki uku a jere gindin darbejiya, cike da ruwan da Hajiya ta saya wajen mai ruwa, an barbaɗa musu yuriya, an zuba wani tsanwan abu mai yauƙi da aka kwaso daga kududdufi. Kaji sai zagayawa suke suna leƙe. Na ce, "Auta, wannan fa?" Ya dube ni ko dariya babu ya ce, "Yaya, matata ce." Sai ga muryar Hajiya daga ɗaki: "Yaushe aka ɗaura auren ban sani ba?"

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

A gansakuka akwai mai, wannan ba ƙarya ba ne, kuma da shi ake yaudarar mutane. Wasu nau'o'inta idan aka hana su taki sukan tara mai a jikinsu har ya kai kashi 30, wani lokaci ma fiye. Shi kansa ɗanyen man da duniya ke faɗa a kai, akasarinsa ragowar irin waɗannan ƙananan halittun ruwa ne da ƙasa ta binne, zafi da nauyi suka dafa su shekaru miliyoyi. Duk na yarda. Amma ɗauko biro mu yi lissafi, wanda shi ne abin da ɗan kwat bai yi musu ba. A buɗaɗɗen tafkin da ƙwararru ke kula da shi dare da rana, abin da ake samu a lita ɗaya ta ruwa bai wuce kamar rabin giram na busasshiyar gansakuka ba. Rabin giram. Tankin lita 1,000 irin na saman bene zai ba ka rabin kilo ke nan. Kafin ka haɗa lita ɗaya ta mai kana buƙatar wajen kilo 3, wato sai ka tace ruwa lita 6,000. Jarka 240 mai lita 25. Je ka tambayi mai ruwan unguwarku nawa zai kawo maka jarka 240, sannan ka dawo mu yi maganar arahar dizal.

Ruwa ne, jama'a. Abin da ke cikin gorar nan ruwa ne mai launi. Wahalar sana'ar gaba ɗaya ita ce raba ɗan abin nan da ruwan, a busar da shi, a fasa shi, a tatso man, kuma kowane mataki wuta yake ci. Wace wutar? Janareta za ka tayar da dizal don ka samo dizal? Ga taki da sai ka saya, a garin da manomi ke kuka da kuɗin buhu. Ga zafin Maris da Afrilu da zai shanye bahon kafin ka waiga. Ga ƙurar hunturu. Ga wasu ƙwari da ido ba ya gani, su faɗa tafki su cinye shi cikin kwana biyu, ka wayi gari kore ya koma ruwan ƙasa mai wari. Kuma da zarar ka hana ta taki don ta tara mai, sai ta rage girma. Ko ta ina ka ɓullo, lissafin na nan yana jiranka.

Na san masu cewa, "Malam, kai dai ka iya kashe wa matasa gwiwa, ai Turawa ma da haka suka fara." To madalla, mu je wajen Turawan. Gwamnatin Amurka ta buɗe shirin bincike kan wannan tun 1978, ta tara nau'o'in gansakuka wajen 3,000, ta haƙa tafkunan gwaji, a 1996 ta rufe shi saboda man ƙasa ya fi araha nesa ba kusa ba. Kamfanin mai na ExxonMobil ya shigo a 2009 da ganga da algaita, ya yi ta tallan korayen kwalabe a talabijin, ya kashe sama da dala miliyan 350, a 2023 aka ji ya tattara komatsansa. Shell ya riga shi ficewa daga nasa gwajin na Hawai tun 2011. Akwai wani kamfani, Solazyme, da sojojin ruwan Amurka suka taɓa biya dala 424 a kan galan ɗaya na man gansakuka, duk da har da kuɗin bincike a ciki. Ƙarshensa? Ya koma yin man shafawa da man girki, ya sauya suna, a 2017 ya durƙushe. Waɗannan masu injiniyoyi da wutar da ba ta ɗaukewa ke nan. Amma mu namu gwanin ya warware matsalar da baho uku da yuriya rabin mudu. Allah ya ƙara basira.

Wani kuma ya rubuto min wai ai jirgin sama ya tashi da shi. Ya tashi mana, tun 2009 aka yi gwajin, an gauraya shi da man jirgi na yau da kullum. Ba wanda ya ce ba ya kama wuta. Tambayar ita ce nawa ne lita. Wanda ba zai amsa wannan ba, ya wuce kawai.

Mu ma fa ba yau muka fara ba. Waɗanda suka mallaki hankalinsu wajajen 2007 za su tuna yadda aka yi ta ruɗin bini-da-zugu, wai shi ne man gobe, mutane suka ba shi gonakin dawa. Yau yana nan inda kakanninmu suka ajiye shi, a shinge. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, duk wanda ya ambaci mai mai araha sai an saurare shi, ga kuma aikin haƙar mai na Kolmani da aka ƙaddamar a 2022 mun zuba ido har idon ya yi ja. Wannan ƙishirwar ce ɗan kwat ya gani ya kafa rumfa a kanta.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, a gansakuka akwai arziki na gaske, kuma irin wannan shirmen ne zai sa yaranmu su tsane ta. Masu cin kuɗinta a duniya ba a lita suke sayarwa ba, a giram suke sayarwa. Nan kusa da mu, matan Kanembu a gefen Tafkin Chadi sun yi ɗaruruwan shekaru suna kwasar wata iri daga tafkuna masu kanwa, su zuba a ɗan rami cikin yashi ya tsotse ruwan, rana ta busar, su yayyanka su kai kasuwa a yi miya. Dihe suke ce mata. Ita ce sifirulinar da ake ƙullawa a kwalba ana sayar wa 'yan gayu da tsada, fiye da rabin nauyinta furotin ne, kuma daga ita ake ciro shuɗin launin da ake sa wa alawa. Ba su da takardar shaida, ba su biya kowa 15,000 ba. A Zanzibar, tun wajajen 1989 mata ke noman ciyawar teku a kan igiyoyi, ana fitar da ita waje a ciro sinadarin da ke sa man goge baki da askirim kauri. Abin da ma'aikacin ɗakin gwaji ke shuka ƙwayoyin cuta a kai a asibiti, daga dangin nan yake. Ƙullun da likitan haƙori ke danna maka a baki don ɗaukar siffar haƙora, shi ma haka. Har wani mai da ake ƙara wa madarar jarirai daga gansakuka ake samo shi. Duk waɗannan kaɗan ake buƙata, kuɗinsu kuma da nauyi, shi ya sa suke iya biyan kuɗin tacewa da busarwa. Dizal kuwa tanka-tanka ake nemansa, da araha.

Da ɗan kwat ya tsaya ya ce, ku zo mu gwada ko ruwan da masu kiwon tarwaɗa na Dadin Kowa ke zubarwa, wanda ya riga ya ƙoshi da taki, zai iya raya abin da zai rage musu tsadar abincin kifi ko na kaji, wallahi da ni zan biya wa Auta kuɗin mota. Muna da rana, muna da kanwa a kowace kasuwa, muna da masu ilimin halittu a Jami'ar Jihar Gombe da Kashere da Bauchi da za a je a durƙusa a tambaya. Amma wannan aiki ne na shekaru da awo da faɗuwa da tashi, ba ya shiga bidiyon minti ɗaya.

Auta dai ya ce in ba shi sati biyu. Na ba shi, da sharaɗin ya rufe bahunan da gidan sauro, don tun daren jiya muka fara karɓar baƙi. Hajiya kuma ta ce a dawo mata da babban, gobe wanki gare ta.

Af, tunda maganar ruwa ta taso: 'yan unguwarmu, yau sati na nawa ke nan famfo bai ko yi tari ba? Mai ruwan layinmu ya ƙara kuɗin kura sau biyu tun bayan salla, kuma yanzu sai ka yi masa waya tun asuba, in ya ga dama ya ɗauka.